Na gyara wa kawuna magana a grup, an fitar da ni

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a fannin nazarin halittu a Jami'ar André Salifou, ina kuma da ɗan shafi a Facebook inda nake bayanin kimiyya da Hausa. Kawuna ya tura wokal, wato saƙon murya, a grup ɗin danginmu na WhatsApp, wani mutum yana cewa sanƙarau zafi ne da ƙura kawai, a shafa wa yaro man kaɗe a hanci a ba shi jiƙon tsamiya, allurar rigakafi kuwa ta hana haihuwa ce. Na rubuta cewa jahilci ne, na sa alamar dariya, na ɗauki hoton maganar na liƙa a shafina. An fitar da ni, inna ma da ƙyar take amsa gaisuwata. Ai gaskiya na faɗa. In daina ne?
Ɗalibi, unguwar Zango, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka daina. Amma kafin ka gama karanta wannan, je ka goge hoton nan daga shafinka. Maganar da aka yi cikin dangi ba kayan talla ba ce, kuma ko sunan kawu bai fito ba, duk Zango an gane shi.

A kan cutar kai ke da gaskiya, ba sai na koya maka ƙwayar da ke kawo ta ba. Tsakanin farkon Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar nan tamu, 18 suka rasu. Cuta ce da kan kashe yaro cikin kwana guda, tsamiya kuwa ba ta kai inda ƙwayar take.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "ai gaskiya na faɗa". Kullum sai na ji ta daga bakin matasan da ke bayanin kimiyya a intanet, har da wasu abokan aikina masu farar riga. Sun ɗauka in dai hujja tana hannunsu, an ba su lasisin cin mutunci, wai gaskiya ɗaci gare ta. To ɗacin na maganar ne, ba a ce ka ƙara mata barkono ba. Ka duba me ya rage a grup ɗin yanzu: wokal ɗin yana nan, mutum ɗaya da zai iya warware shi yana waje. Ran da jikan kawu ya tashi da zazzaɓi da sandarewar wuya, wa za a kira? Ba wanda ya yi musu dariya ba. Mai wokal za a nema, don shi ya fara da sallama, ya ce iyayena da ƴan uwana, ya rufe da addu'a. Ƴan damfarar nan ba su san ko ƙwaya ɗaya ba, amma sun san yadda ake shiga gida. Mu kuma mu iso da takardar jami'a mu banka ƙofa, sannan mu koma muna cewa mutane ba sa jin magana.

Kuma da ka saurara da kyau, da ka ji kawu bai ɓata duka ba. Cutar tana tashi ne da rani, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu hanya. Tsofaffi sun lura da lokacin tun kafin a haife mu, dalilin ne ba su gani ba. Man kaɗe a hanci ba shi ne babbar matsalar ba. Zaman gida ana jiran ya yi aiki shi ke kisa. Nan ya kamata ka tsaya, ka bar masa rabinsa.

Tsoron allura ma ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara 200 na gwajin 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a can a 2003, wannan tabon yana cikin abin da mutane ke tunawa, cutar shan innar kuma ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ba zagi ne ya dawo da Kano a 2004 ba. Zama aka yi da malamai da sarakuna, aka sake gwajin allurar, aka kawo ta daga Indunusiya. Kano ga ta nan kusa, labarinta a kasuwar Dole ake jin sa.

In kawu ya ce ai ya san yaron da aka yi wa allura kuma ya kamu, kada ka ce ƙarya ne. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 nau'in A na ƙwayar kaɗai take tarewa, wanda ya addabe mu a 2023 kuwa galibi nau'in C ne. Shi ya sa aka kawo sabuwa mai tare nau'i biyar a 2024.

Sai abu guda game da shafinka. Kai ɗalibin halittu ne, kada ka bari masu bibiya su maƙala maka "Dakta" ka yi shiru. In aka tambaye ka magani ko yawan da za a sha, ka ce ba fanninka ba ne, a ga majo, wato babban ma'aikacin jinya, a asibitin unguwa. Ran da ka yi kuskure, ka gyara a wurin da ka yi shi, kada ka goge a ɓoye.

Gobe bayan la'asar ka tafi gidan kawu da ƙafarka, ka bar waya a aljihu. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi gafarar dariyar da hoton, ba ta maganar ba. In ya sauko, ka roƙe shi abu ɗaya tak: duk yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa, ko jinjirin da maɗigarsa ta kumbura, a kai shi asibiti a daren, ko da man kaɗen a hancinsa. In ya yarda, ka bar shi ya yi wokal ɗin da bakinsa.