Amsar tambaya kan ruwan maniyyi da ruwan bututun ƙwai a alade

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da ke karatun likitan dabbobi a jami'ar KNUST da ke Kumasi ta tambaya cewa, tunda ƙwayar maniyyi ce ke shiga ƙwai, mene ne amfanin ruwan da ke ɗauke da ita, kuma me ya sa malamai suka fi kawo misali da alade. Mu dai a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ba kiwonsa muke yi ba, amma duk likitan da zai yi aiki a yankin Ashanti sai an kira shi gonar aladu, saboda haka gara a san shi.

Namijin alade yakan zubar da mililita 200 zuwa 300 a hawa ɗaya, alhali bijimi bai cika wuce 5 zuwa 8 ba, rago kuwa kusan 1 ne. Mafi yawan wannan ruwa ne daga gaɓoɓin da ke kewaye da mafitsara, kuma a ƙarshensa akwai wani abu mai kauri kamar kamu, wanda muke tacewa da ƙyalle idan an ɗebi maniyyi.

Abin da nake so ki riƙe, ƙanwata, shi ne ƙwayar da ta fito yanzu ba ta iya shiga ƙwai, ko da kin ga tana iyo da ƙarfi a madubin likita. Masana kimiyya biyu, Austin da Chang, su ne suka gano haka a 1951, kowa a nasa binciken. Furotin ɗin da ke cikin ruwan namiji yakan lulluɓe kan ƙwayar ya hana ta nuna da wuri, wato linzami ne. Idan ta isa ƙasan bututun ƙwai, wato hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sai ta manne a jikin bangon ta jira, wani lokaci yini guda, har ƙwai ya kusa saukowa. A nan ne ruwan mace, da sinadaran bikabonet da kalsiyam da ke cikinsa, ke cire wannan lulluɓi, ya rage kolastarol (wani nau'in kitse) na fatar ƙwayar, sai bugun wutsiyarta ya canza, a riƙa sakin ƙwayoyin daga bangon kaɗan-kaɗan.

Wannan sakin kaɗan-kaɗan shi ne ba mu iya kwaikwaya da kyau a ɗakin gwaji ba. Idan aka haɗa ƙwan alade da maniyyi a faranti, sau da yawa ƙwayoyi biyu ko uku ne ke kutsawa cikin ƙwai ɗaya, kuma irin wannan ba kasafai yake zama ɗa ba. A jikin uwa abin bai cika faruwa ba, domin ruwan bututun yana ƙara wa ɓawon ƙwan tauri tun kafin maniyyi ya iso. A ganina wannan ne dalilin da ya sa alade ya zama abin misali.

Batun ajiyar maniyyi don yi wa mata barbara ta hannu kuma, maniyyin bijimi ana daskarar da shi a ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri, amma na alade ba ya jure sanyi, ana tsinka shi da ruwa na musamman a ajiye a wajen digiri 17 na 'yan kwanaki. Na taɓa zuwa wata gona ta wajen Ejisu inda mai kula ya sa kwalaben a firjin gida kusa da ruwan sha, don yana ganin ya kyauta. Da na ɗiga a gilashi na duba, 'yan kaɗan ne ke motsi, kuma bayan mako uku matan da aka yi wa barbarar suka sake neman namiji.