Amsa: Shafen siminti a tsohon gidan ƙasa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kun gaji gidan kakanku a cikin birnin Kano, ginin tubali da rufin azara, kuna so ku shafe shi da siminti ku ja wayar wuta, kana tambaya ko KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, za ta amince.

Don Allah ka bar maganar siminti a jikin katangar. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Bayan damina kaɗan sai ka ƙwanƙwasa ka ji shafen yana ƙara kamar ganga, ƙasar da ke bayansa ta zama gari. Ka nemi maginin gargajiya ya yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Abin da ke kashe irin ginin nan ruwa ne, don haka ka duba indararo, ka gyara magudanar gindin katanga. Azara ta giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, amma ƙarshen da ke cikin bango yakan ruɓe, sai a tona a gani.

Wayar wuta a bi da ita cikin bututu a saman bango, kar a sassaƙe ginin. Banɗaki da tankin ruwa a yi musu sabon ɗaki na bulo a tsakar gida, nesa da tsohuwar katanga.

Ka kai zane wurin KNUPDA kafin a fara aiki. In gidan yana cikin kayan tarihin da gwamnati ta ayyana, irin Gidan Makama, sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.