Kada ka yi wa laptop ɗin nan fomat

Sani, tambayarka kan laptop ɗin da aka kawo daga Garki ce: mai ita in ya rubuta abu a gurbin adireshi na Chrome, sai wani baƙon shafi ya gilma, ya tsinci kansa a Yahoo maimakon Google. Ka gyara saitin, ka kashe ka kunna, abin ya dawo, shi ne kake so ka yi mata fomat, wato ka share komai ka sake girka Windows.

Kada ka yi. Aikin rago ne, kuma takardun mutum za ka jefa cikin haɗari kan matsalar da ba ta kai ta kawo ba. Yahoo ma ba shi da laifi a nan. Masu wannan aiki kuɗin talla suke nema, duk binciken da ya ratsa ta shafinsu riba ce gare su. Saitin da ka gyara ganye ne, saiwar tana ƙasa.

Rubuta chrome://extensions a gurbin. Ƙananan manhajojin da ke manne da burauzar za su fito. Mai juya PDF, mai sauke bidiyo, VPN na kyauta, duk wanda mai kwamfutar bai san da zamansa ba, cire shi. Sannan ka koma jerin injinan bincike ka goge baƙon, kada ka tsaya ga zaɓar Google kawai.

Inda yara masu gyara ke shan wahala a kasuwar kayan lantarki ta Banex shi ne in maɓallin cirewar ya ƙi dannuwa, kuma Chrome na cewa wata ƙungiya ce ke kula da shi. Buɗe chrome://policy. In ka ga ExtensionInstallForcelist ko DefaultSearchProviderSearchURL ɗauke da adireshin da ba ka gane ba, an kafa doka ce a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, ƙarƙashin SOFTWARE\Policies\Google\Chrome, kuma mayar da burauza saitin asali ba ya taɓa ta. Amma tsaya ka tambayi mai ita tukuna. Nan Abuja ce, kwamfutocin ofis sun yi yawa, wataƙila ma'aikatarsu ce ta kafa dokar. In ta ofis ce, ya kai wa masu kula da kwamfutocinsu. In tasa ce, ajiye kwafin rajistar kafin ka goge komai, kuma ka kira ni in tsaya a kanka.

Daga nan duba manhajojin da aka girka, ka jera su bisa kwanan wata. Galibi ɓarawon, wato manhajar da ke karkatar da binciken, ya shigo rana ɗaya da wata manhajar sata. Leƙa Task Scheduler, inda Windows ke jera ayyukan da ke tashi da kansu, can ake ɓoye abin da ke mayar da shi. Duba alamar Chrome da ke kan allo, kada a ce an liƙa adireshi bayan chrome.exe. AdwCleaner na Malwarebytes kyauta ne, ya share ragowar.

In mai kwamfutar yana cikin asusunsa na Google a Chrome, abin da ka cire zai iya dawowa daga wata kwamfutar tasa, don haka ka tambaye shi ko yana da wata a gida. Kafin ka karɓi kuɗinsa, kashe ta ka kunna, ka ba shi ya yi binciken da hannunsa.