Dutse Ya Zauna Kafin Siminti Ya Taɓa Shi

Ɗana, jiya ka tambaye ni dalilin da nake hana ka cika siminti a ƙarƙashin dutsen da ya ƙi zama, sai in sa ka yi ta juya shi. Ka ce hakan na cin lokaci. Yana ci kuwa.

An yi wani marubucin waƙoƙi a Amurka, Robinson Jeffers, an haife shi a 1887, ya rasu a 1962. Teku da shaho da duwatsu su ne abin waƙarsa. A ganinsa ɗan Adam ya cika ɗaukar kansa da girma a cikin halitta, kuma wannan ra'ayi ya jawo masa baƙin jini. Ba duk maganarsa na yarda da ita ba, amma hannunsa nake so ka duba.

A 1919 ya sa a gina masa gidan dutse a bakin teku, a garin Karmel na jihar Kalifoniya. Mutum ne da ya sha karatun Girkanci da Latin tun yana yaro, amma ya shiga ƙarƙashin maginin a matsayin lebura, yana kwaɓa siminti, yana miƙa dutse, har hannunsa ya faɗa. Daga 1920 zuwa 1924 shi kaɗai ya tayar wa matarsa Una hasumiya mai tsayin kusan ƙafa 40. Da safe rubutu, da yamma gini.

Duwatsun daga gaɓar teku yake mirgino su, waɗanda ruwa ya goge ya mulmule. Ka san wahalar irin wannan dutse: ba fuska, ba gindi. Sai an juya shi, an sake juyawa, har a ji ya kwanta a kan na ƙasa ba ya motsi. Nauyi ke riƙe bango, siminti cike gurbi kawai yake yi. In ka dogara da siminti, damina kaɗan za ka ga tsaga. Ginin nasa yana nan tsaye a gaban iskar teku, mutane na zuwa kallo.

Waƙoƙinsa na farko ba su yi wani amo ba. Waɗanda suka fito da sunansa sun fara fitowa a 1924, shekarar da ya gama hasumiyar, kuma ni a wurina dutsen ne ya gyara masa alƙalami.

Gobe kusurwar gabas taka ce. Dutse ɗaya a kan biyu, biyu a kan ɗaya, kada gaɓa ta hau gaɓa. Ka jera su a bushe tukuna, in zo in taka da ƙafata, sannan ka ɗauki cokalin gini.