Tambaya da Amsa: Yaya Tsohon Gini Yake Shiga Jerin Kayan Tarihin Ƙasa?

Tambaya ta farko ta zo mana daga wani mai karatu a cikin birnin Zariya, kuma ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Assalamu alaikum, Malam. Muna da gidan gado wanda kakan kakanmu ya gina da tubali da azara, zaurensa yana da ɗaurin guga, kuma dattawanmu sun ce ya haura shekara ɗari da hamsin. Wasu daga cikin magada suna so a rushe a yi na bulo, wasu kuma sun ce idan gwamnati ta san da shi za ta sanya shi cikin kayan tarihi ta riƙa ba da kuɗin gyara. Mene ne sharaɗin da gini yake cikawa kafin a karɓe shi, kuma wa ake nema?"

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara haɗa kan zuri'a. Hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki a Najeriya ita ce Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCMM, an kuma kafa ta da doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta gaji dokar kayan tarihi da Turawan mulkin mallaka suka yi a 1953. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, tsufa kaɗai ba ya shigar da gini cikin jerin. Mutane da yawa sun ji an ambaci shekarar 1918, sai suka ɗauka duk abin da ya girme ta ya tsallake. Gaskiya ne dokar ta ambaci wannan shekara, amma ta ambace ta ne wajen bayanin kayan fasaha da aikin hannu na 'yan ƙasa, irin su ƙofofin da aka sassaƙa da makamai da kayan sarauta da rubutattun takardu. Shi kuwa gini, abin da hukumar take dubawa shi ne ko yana buƙatar kariya, da kuma ko adana shi maslaha ce ta ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi yake cikin jerin, alhali marigayin ya rasu ne a 1966, ga kuwa gidaje barkatai da suka ninka shi shekaru ba su shiga ba.

Idan aka dubi wuraren da aka riga aka ayyana a Arewa, za a ga irin dalilan da suke yin tasiri. Gidan Makama na Kano yana jingine da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, hasumiyar Gobarau ta Katsina shaida ce ta daɗewar ilimi da Musulunci a garin, kufan Surame yana tuna daular Kanta na Kabi, gidan Rabeh da ke Dikwa kuma yana ɗauke da wani babi na tarihin Borno. Wani lokaci gwanintar ginin ce take jawo shi, kamar Gidan Madaki na Kafin Madaki a Jihar Bauchi, wanda ake danganta shi ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya yi masallacin Juma'a na garinku Zariya. Saboda haka tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: wa ya gina gidan nan, wa ya zauna a cikinsa, me ya faru a zaurensa, kuma me yake nunawa na fasahar magina wanda ba a cika samunsa a wani wuri ba? Idan amsar ita ce wani malami ya shekara arba'in yana karantarwa a wannan zaure, kuma littattafansa na hannu suna nan a cikin gafaka, to kun kama hanya. Idan kuwa amsar ba ta wuce "mun tashi mun tarar da shi" ba, to sai kun ƙara bincike, kuma ina ba ku shawara ku zauna da dattawan gidan da na unguwa ku naɗi bayaninsu tun suna raye, ku kuma nemi Sarkin Magina ya duba ginin ya faɗi abin da ya gani.

Game da matakan kuwa, ga yadda dokar ta tsara. Idan hukumar ta gamsu da wuri, takan buga sanarwa a jaridar gwamnati ta Gazet, ta tarayya da ta jihar da abin yake, ta kuma aika wa mai shi kwafe, inda za a bayyana cewa ana shirin neman Shugaban Ƙasa ya ayyana wurin, kuma duk mai ƙorafi yana da wata biyu ya gabatar da shi. Bayan an duba ƙorafin, Shugaban Ƙasa ne yake da ikon ayyanawa. Ku a naku ɓangaren, abin da za ku iya yi shi ne ku rubuta wa ofishin hukumar mafi kusa da ku, ku haɗa da hotuna da tarihin gidan da takardar amincewar magada, domin ba a fara irin wannan magana a kan gidan da ake jayayya a kansa. Kada kuma ku raina matakin jiha, domin wasu jihohi suna da nasu hukumomin tarihi da al'adu, kamar ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da ta Katsina, da cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato, kuma sau da yawa ƙofarsu ta fi saurin buɗewa. Jerin na tarayya ya daɗe a tsaye a kan wurare 65, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙofar ba ta da faɗi.

Sai batun kuɗi, wanda na lura shi ne ya raba kan magadanku. A nan dole in faɗa muku gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ayyana gini ya fi kama da takunkumi a kan mai shi fiye da albashi. Gidan yana nan a matsayin naku, ba a ƙwace shi ba, amma daga ranar da aka ayyana shi ba ku da ikon rushewa ko sauya fasalinsa ko haƙa a cikinsa sai da rubutaccen izinin hukumar. Dokar ta ba hukumar damar ɗaukar nauyin kula da wurin, ta kuma yi tanadin diyya ga wanda ayyanawar ta rage wa darajar dukiyarsa, amma duk wanda ya zaga ganuwar Kano ko ta Zariya, waɗanda dukansu suna cikin jerin, ya ga inda aka ɗebi ƙasarsu aka yi gini da inda aka yanka filaye a jikinsu, ya san cewa suna a takarda ba ya hana damina aikinta.

Na taɓa shiga wani tsohon zaure a wani gari da ba zan ambata ba, masu gidan suna ta alfahari da gyaran da suka yi masa. Sun shafe bangon ƙasa da siminti, sun rufe bakan gizon da silin, sun cire indararo sun ɗora kwano, zankwayen ma an fille su. Da na ƙwanƙwasa bangon sai na ji yana amsawa kamar ƙwarya, domin simintin ya rabu da ƙasar, danshi ya taru a tsakaninsu yana cin ginin ta ciki. Da nufin alheri suka yi, amma abin da masana za su zo gani shi ne suka binne. Idan kuna son gidanku ya samu karɓuwa, ku ci gaba da yaɓe da makuba kamar yadda kuka gada, ku canza azarar da gara ta ci da wata azarar, ku tabbata indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ta ce: "Malam, me ya sa Agadas ta shiga jerin UNESCO na kayan tarihin duniya, amma Birnin Damagaram da ganuwar Kano ba su shiga ba, alhali su ma tsofaffi ne?"

Malama, wannan mataki ne na daban da na ƙasa, kuma yana bin yarjejeniyar 1972 wadda Nijar da Najeriya duk suka amince da ita a 1974. UNESCO, wato hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta yawo tana zaɓen wurare da kanta, kuma mutum ɗaya ko masarauta ba sa iya miƙa mata buƙata kai tsaye. Gwamnatin ƙasa ce take fara sanya wuri a jerin share fage, ya yi aƙalla shekara guda a ciki, sannan ta shirya cikakken kundi. Idan wurin na al'ada ne, ƙungiyar masana ta ICOMOS ce take tura mai bincike ya gani da idonsa, daga nan kwamiti mai ƙasashe 21 ya yanke hukunci. Akwai ma'aunai goma, ana buƙatar wuri ya cika aƙalla ɗaya, wato ya nuna wata daraja da ta shafi ɗan'adam baki ɗaya, ba mutanen garin kaɗai ba. Bayan wannan sai a duba ko abin na asali ne, ko ya rage a cike ba a gutsuttsure shi ba, ko akwai doka da tsarin kula da shi, da kuma iyaka sananniya tare da wani yanki na kariya a kewayenta.

Tsakiyar birnin Agadas ta shiga a 2013, kuma ba hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27 kaɗai aka duba ba, an duba fadar Sarkin Abzin da tsarin unguwanni da gidajen ƙasa da har yanzu mutane suke zaune a ciki suna yaɓe su. Tsohon birnin Damagaram yana jerin share fage tun 2006, ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, irin su Dala da kasuwar Kurmi da gidan sarki, suna ciki tun 2007, haka ma Surame. Ba kore su aka yi ba, suna bakin ƙofa ne. A ganina, abin da zai fi ba Kano wahala ba ƙarancin tarihi ba ne, tunda ana danganta fara ganuwar ga Sarki Gijimasu tun wajen ƙarni na 12, matsalar ita ce yadda ganuwar ta yayyanke, da yadda aka faɗaɗa ƙofofi da dama aka sake su da siminti saboda titunan mota. Najeriya dai wurare biyu take da su a jerin na duniya, Sukur a Jihar Adamawa tun 1999, da kurmin Osun na Oshogbo tun 2005.

Wani zai ce ai ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa yake, ta yaya zai zama na asali? An daɗe da warware wannan, musamman tun taron Nara na ƙasar Japan a 1994, inda aka yarda cewa asali ya haɗa da fasaha da al'adar da ake bi wajen gyara. Babban masallacin Jenne na Mali, wanda ginin da ake gani yanzu na 1907 ne, mutanen gari suna taruwa su yi masa yaɓe a kai a kai, kuma hakan bai hana garin shiga jerin a 1988 ba. Sannan shiga ba ta nufin an zauna ke nan, domin an cire Dresden ta Jamus a 2009 saboda wata gada da aka gina, an kuma cire Liverpool ta Ingila a 2021 saboda sababbin gine-gine a bakin tashar jiragen ruwanta.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce, daga wani ɗalibi a Kano: "Malam, na ji an ce UNESCO ta karɓi hawan sallar Kano, shin ba shi ke nan ganuwa ma ta shiga ba?"

A'a, ɗana, jerin biyu ne. Hawan sallar Kano ya shiga ne a watan Disambar 2024 ƙarƙashin yarjejeniyar 2003, wadda ta shafi al'adun da ake aikatawa, kamar bukukuwa da waƙe-waƙe da sana'o'in gado, kuma a wannan jerin ne bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016. Abin da aka karɓa shi ne hawan kansa, da mahaya da makaɗa da masu ɗinka kayan doki, amma ƙofofin da dawakin suke ratsawa da fadar da ake kai jafi suna ƙarƙashin yarjejeniyar 1972, kuma su har yanzu suna jerin share fage.