Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi

Malam mai tambayar inda zai kai iyali shan iska kusa da Kumasi, ni dai Bosumtwi zan ce maka. Kamar kilomita 30 ne, ka hau trotro (ƙaramar motar haya) zuwa garin Kuntanase sai ku gangara ƙauyen Abono da ke bakin tafkin, gangaren nan fa akwai kwana-kwana, in direba mai wuta ne ka ce ya sassauta. Wani dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin tun shekaru wajen miliyan 1, ruwa ya cika shi, ga tsaunuka da kurmi sun zagaye. Masuntan wurin a kan guntun katako suke zama suna tuƙi da hannu, al'adarsu ba ta son ƙarfe ya taɓa ruwan. Ranar hutu cunkoso da kiɗa ba a magana, gara ku je tsakiyar mako da safe, kuma a riƙe yara a bakin gaɓa don can ciki da zurfi sosai.