Majami'u huɗu a layi ɗaya, ina ɗayantakar da ake mana wa'azi?

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. A layinmu kaɗai majami'u huɗu ne, ECWA da Katolika da Baftis da wata ta Fentikos da aka buɗe a shago, ranar Lahadi kowa da lasifikarsa. Amma kullum ana mana wa'azi wai ikilisiya jiki ɗaya ce kuma an aiko ta ta yi wa duniya hidima. Maƙwabciyata Musulma ta tambaye ni wai wanne ne na gaskiya a cikinmu, na rasa bakin magana. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Sannu 'yata, Ubangiji ya yi miki albarka. Kar ki ji haushin maƙwabciyar nan, ai tambayar da ta yi tana kan hanya, domin a Yohanna 17:21 da Yesu ya yi addu'a masu binsa su zama ɗaya, dalilin da ya bayar shi ne domin duniya ta ba da gaskiya. Kenan ya san na waje suna kallonmu. Kuma rarrabuwar ba yau ta fara ba, tun manzanni na raye mutanen Koranti suka kasu, wannan ya ce ni na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas wato Bitrus, sai da Bulus ya rubuto ya tambaye su ko an rarraba Almasihu ne.

Ni dai abin da nake so ki lura da shi, in kin bi Sabon Alkawari a hankali za ki ga ɗayantakar nan kusan kullum a wajen abinci da kuɗi ake gwada ta. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Rigimar farko da ta tashi a ikilisiyar Urushalima ba ta koyarwa ba ce, ta rabon abinci ce, Yahudawa masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon yau da kullum, wato dai ƙabilanci a kan tukunya. Manzanni ba su ce a yi shiru a rufa asiri ba, ba su kuma ce to kowa ya buɗe nasa taron ba, suka ce jama'a ta zaɓi mutum 7 a danƙa musu aikin, kuma in kin duba sunayen, su Istifanas da Filibus da sauran, duk sunayen Helenanci ne, da alama ɓangaren da aka yi wa rashin adalcin aka miƙa wa ludayin. Wace majami'a ce a yau za ta iya wannan? Haka kuma Bulus ya yi shekaru yana tara gudummawa daga Makidoniya da Akaya, mutanen da yawancinsu ba Yahudawa ba ne, na Makidoniya kuma su kansu talakawa ne, yana kai wa matalautan Urushalima da ba su taɓa haɗa ido da su ba, ki karanta 2 Korantiyawa 8 da 9. Hidimar ba ta tsaya a cikin gida ba ma. A shekara ta 362 sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya koma ga gumaka, ya rubuta wasiƙa yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumakan.

To mu a nan arewa me ya raba mu? Gaskiya yawanci ba tauhidi ba ne, taswira ce. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun iso a 1893, na SUM (Sudan United Mission) suka sauka Wase a 1904, 'yan mishan na Denmak suka zauna Numan a 1913, 'yan Brethren suka zauna Garkida a 1923, kuma mishan-mishan ɗin suka daidaita a tsakaninsu cewa kada wani ya shiga yankin wani saboda ma'aikata kaɗan ne ƙasa kuma da faɗi. Niyyar mai kyau ce amma sakamakon shi ne ɗarika ta bi ƙabila, Bachama ya tashi Lutheran, Babur da Margi suka tashi EYN ta 'yan Brethren, mutanen Filato da yawa ɗarikar COCIN, Tibi ɗarikar NKST. Da mutane suka kwararo birane kowa ya taho da majami'ar garinsu, shi ya sa kike ganin allo huɗu a layi ɗaya. Yawancinmu ba mu zaɓi ɗarikarmu ba, a ciki aka haife mu.

Iyayenmu sun gane haka, shi ya sa aka kafa tarayyar ikilisiyoyi da yanzu ake kira TEKAN a 1955, aka kafa ƙungiyar kiwon lafiya ta Kirista, CHAN, a 1973 domin asibitocin Katolika da na sauran ɗariku su yi aiki tare, sannan CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, a 1976. Ni a ganina CAN an fi jin muryarta lokacin rikici da lokacin zaɓe, wannan kuma abin dubawa ne, ɗayantakar da sai an ji tsoro take tashi ba ta da ƙwari. Wadda ta fi burge ni ita ce ta asibiti, kamar na Vom da aka fara a 1922, da asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943, da na Galmi a Nijar tun 1950 inda mafi yawan majinyata Musulmi ne, ba mai tambayarki katin baftisma kafin a duba ki.

Ba zan ce miki babu bambanci na gaske ba fa. Akwai, batun baftismar jarirai, da matsayin Paparoma, da Jibin Ubangiji wanda har yau Katolika da mu sauran ɗariku ba ma ci tare, waɗannan manya ne kuma ba a layinku za a warware su ba. Amma ba su hana komai a aikin da Matiyu 25 ya lissafa, mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku.

Saboda haka shawarata, kar ki jira fastoci, mu mun fi kowa kishin membobi da baiko. Ki fara da zumuntar mata, ki nemi shugabar zumunta ta kowace majami'a cikin huɗun nan ku zauna ku rubuta sunayen gwauraye da marayu da tsofaffin da ke layin gaba ɗaya, har da na gidajen Musulmi, ku ga wa ke bukatar kuɗin makaranta wa ke bukatar magani wa kuma mudun masara kawai yake nema. Kuɗin ku sa shi a hannun mata biyu daga majami'u daban kuma a riƙa karanta lissafi a gaban kowa duk wata, domin a nan irin wannan tafiya take yawan watsewa. In za ku kai kayan kada a ɗauki hoto don Facebook, kada kuma a ce sai mutum ya zo sujada kafin a ba shi. Maƙwabciyar taki ma ki gayyace ta ta nuna muku gidajen da ba ku sani ba, ta fi ku sanin wanda ke kwana da yunwa a nasu ɓangaren.